Sawun Taya Ɗaya a Bakin Maƙogwaro

A Tungar Gawo, tafiyar rabin yini daga Filinge, babu wanda ya taɓa ganin Hamani yana tafiya da kai a ɗage. Ƙasa yake kallo. Tun yana saurayi haka yake, har matan gari suka riƙa cewa ranar da aka kai masa amarya ƙafarta ya fara dubawa kafin fuska. Mai bin sawu ne kamar ubansa, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar gaisuwa. Gonar hatsi gare shi kamar kowa, da ƴan awaki, amma abin da aka san shi da shi a ƙasar Kurfai, daga Bonkuku har Sanam, shi ne in ya tsuguna bisa sawu ba ya tashi sai da suna.

Dokar sawu a wannan ƙasa tsohuwa ce, kuma ba ta da wuyar ganewa. In an ɗauke dabba, aka biyo sawu ya shiga gonakin wani gari, to mutanen garin ne za su fitar da shi, su nuna inda ya bar ƙasarsu ya yi gaba. In sun kasa, an ce sawu ya mutu a wurinsu, su ke ɗaukar laifin. Haka yake tsakanin gida da gida. Mai bin sawu kuwa ba a sa shi rantsuwa, abin da ya faɗa ya zauna. Wani ɓarawon raƙumi ya taɓa jan reshen sabara a bayansa yana share sawunsa tun daga rijiya har ƙofar gidansa. Hamani ya bi sharar kanta, ya ma ƙara da cewa mai sharar yana ɗingishi da ƙafar dama, aka je aka tarar haka ne. Shekara da shekaru ana ba da wannan labari a kasuwar Filinge, shi kuma Hamani ba ya ƙin a ba da shi yana kusa.

Shekarar da Nasara ke yaƙi da ƴan uwansu can ƙasarsu, bariki ya aiko kowane gari ya ba da samari a kai su soja. Waɗanda aka ɗiba bara babu wanda ya dawo, babu ko saƙo. Maigari Tahiru ya je ya durƙusa ya ce samarinsa duk sun yi gabas neman aiki tun kafin girbi. Gaskiyar magana, huɗu daga cikinsu na Maƙogwaro, wani tabki da ke bayan dutse, wanda ba a shiga wurinsa sai ta wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu biyu inda saniya ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Cikinsu har da Ɗanladi, ƙanin Haske matar Hamani, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma duk da gemu ya fito masa, ita ce ke kai musu dawo kowane kwana uku da sunan ta je yankan kaba don saƙar tabarma.

Ana cikin haka sai wani Nasara ya fara fitowa daga bariki ranar Lahadi bisa wani abu mai ƙafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba kumandan ba ne, marubuci ne kawai a bariki, dogo siriri mai dogon wuya, kuma tabki yake bi, don haka kafin sati biyu an sa masa suna Zalɓe. Yahaya tafinta ya ce abin sunansa belo, mutanen ƙauye suka ce dokin ƙarfe. Sai dai ƙasar Kurfai rairayi ce, keke kuwa ba ya shiri da rairayi. Sau biyu Zalɓe yana komawa bariki a ƙasa yana jan abinsa, fuska ja kamar gauta. Sai ya aiko Yahaya a samo masa mutumin da ya san inda ƙasa ke da tauri.

Tahiru ya kwana da zancen, ya ga in dole sai wani ya bi Nasara, gara nasu ya bi shi, ya riƙa kauda shi daga dutse. Ya kira Hamani ya gaya masa haka a bayan rumbu, ya ƙara da cewa ya buɗe ido, ya gano abin da mutumin ke nema. Hamani ya amsa da sauri. Daga baya Tahiru ya tuna da saurin nan, ya riƙa juya shi a ransa.

Kaka ce, ruwan tabkuna ya fara ja baya, ya bar wani zobe na laka mai tauri kamar daɓe tsakanin ruwa da rairayi. Wannan zobe Hamani ya nuna wa Zalɓe. Suna barin Filinge da hantsi, su bi hanyar jakuna da ke gefen dallol, babban kwarin ƙasar, inda kofato ya daddaɓe ƙasa, su faɗa Tabkin Gawo su zagaye shi, su ratsa gonakin da aka girbe ta bakin iyaka inda karan hatsi ke kwance, su kai Farin Ruwa inda bado ya rufe rabin tabki kuma Filani ke shayarwa, daga nan Tabkin Goruba, sannan gida. Inda ƙasa ta yi kyau Zalɓe ya hau ya ɓace, Hamani na sassarfa a baya. Inda rairayi ya tare hanya, Hamani ya saɓa keken a kafaɗa. Hausar Zalɓe ba ta wuce kalma goma ba: gaba, tsaya, ruwa, ina. In sun isa bakin tabki sai ya jingine keken a gawo, ya zauna ya kalli balbela, ya ci abincinsa, wani lokaci ya ciro ƴar takarda ya yi zane.

Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne mutumin ba ya dawowa da komai. Ba ya harbi, ba ya kamun kifi, ba ya sayen ko ƙwai, ruwan tabkin ma ba ya sha. Namiji da hankalinsa ya fita da zufa ya zagaye ruwa ya komo inda ya tashi, a ce don daɗi? Babu wanda ya yarda. Wasu suka ce ƙasa yake aunawa da ƙafar abin, kowane juyi kamu ɗaya. Wasu suka ce samari yake nema, don wanda ya ɓuya dole ya ɓuya kusa da ruwa. Hamani ya fi karkata ga na biyun. Yana lura da idon Zalɓe, inda ya tsaya da inda ya wuce, yana lura da hannunsa in ya shiga aljihu. Sau da yawa yakan ga kamar ya kama shi, sai ya tarar mutumin tsuntsu yake kallo. Wannan ma bai kwantar masa da rai ba, don ya san mai farauta ma haka yake yi.

Amma akwai abin da Hamani bai gaya wa Tahiru ba. Shi kansa yana jiran Lahadi. Shekara arba'in yana karanta ƙasa, babu sawun da ya rage masa baƙo, sai ga wannan. Ba shi da gaba ba shi da baya, babu dunduniya babu yatsa, layi ne kawai kamar maciji ya wuce. Lahadin farko ya kasa cewa ko tafiya abin ya yi ko dawowa, ya kwana da haushi. Na uku ya gano cewa layin biyu ne, na baya ya fi nutsewa kuma yana hawa kan na gaba, in an zo kwana sai su rabu su sake haɗuwa kamar kitso. Na huɗu ya gane inda abin ya nufa daga yadda laka ke fantsama. Duk wannan a gida yake zuba shi, gaban Haske, yana zana mata da yatsu biyu a ƙasa, ita tana saƙa.

Wata Lahadi ƙafar baya ta tsage, Zalɓe ya sa sabuwa, ya miƙa wa Hamani tsohuwar tayar. Hamani ya kawo ta gida ya rataye a turken bukka, gari duka ya zo kallo. Ran nan kuma da la'asar, suna Tabkin Goruba, garken tsuntsayen kirinjijiya ya tashi ya ƙetare dutse ya sauka baya. Zalɓe ya bi su da ido har suka ɓace, ya nuna da yatsa ya ce, "Ruwa? Ina?" Hamani ya ɗaga kafaɗa ya nuna rana, wai yamma ta yi. Da ya dawo gida ya ba Haske labari yana dariya, ya ce Nasaran nan ba wawa ba ne, yana karanta sama kamar yadda shi yake karanta ƙasa. Haske ta tambaye shi abin da ya amsa. Ya ce bai amsa komai ba. Ta ce to, ta ci gaba da saƙa.

Tun kafin wannan ma gari ya fara canja masa. In ya iso dandali zance ya koma na ruwan bana. Uwar ɗaya daga cikin samarin, Muna, ta daina amsa gaisuwarsa da baki, sai da kai. An ga Yahaya tafinta ya ba shi goro a kasuwa, kuma an ƙirga cewa ya amsa da hannu biyu.

Ranar Laraba da asuba ɗaya daga cikin samarin ya shigo gari ta bayan gonaki, ya faɗa gidan Tahiru. An ga sawun dokin ƙarfe a bakin Maƙogwaro, bisa laka, daga tsakanin duwatsu har gefen ruwa. Jiya da yamma Ɗanladi ya gan shi. Sun kife shi da ƙwarya da ƙaya kamar yadda ake yi, kuma sun ɗaure kayansu: da faɗuwar rana za su yi gabas, su ƙetare zuwa ƙasar Ingilishi. Kowa ya san hanyar gabas fili ce, rijiyoyinta uku ne, kuma gardawan bariki, dogaran Nasara, na zaune a kansu bisa dawaki tun da aka fara ɗibar soja.

Tahiru ya aika aka kira Hamani. Bai ce masa ya zauna ba. Ya ce, "Hamani, jiya ina kat tahi?"

"Gona, ranka shi daɗe. Ina ɗaurin kara."

"Nasaranka fa?"

"Talata ba ya hita."

Tahiru ya dube shi, sannan ya gaya masa abin da aka gani. Abin da ya fara zo wa Hamani shi ne Zalɓe ya yaudare shi, ya bi tsuntsaye shi kaɗai. Sai kuma ya tuna rairayin da ke tsakanin Goruba da dutse, wanda ko jaki ke nishi a cikinsa. Wa ya ɗaukar masa keken? Ya ce a tafi a gani, amma a bi ta Tabkin Goruba tukuna. Wani dattijo ya ce wannan zagaye ne, ko so yake rana ta yi? Hamani ya ce in ba a bi ta can ba shi ba zai tsuguna ba. Aka bi.

A Goruba ya tsayar da su kan sawun ranar Lahadi, wanda laka ta riƙe shi sarai. Ya sa Tahiru da dattawa biyu da Muna, wadda ta ƙi a bar ta a gida, su duba inda Zalɓe ya sha kwana ya kauce wa kututture. Ya ce su ƙirga layi. Suka ce biyu. Ya ce su sa yatsa su ji zurfi. Suka sa, ba tare da sun san abin da yake nufi ba, Muna kuwa ta ce in wasa ya kawo su yi ya faɗa.

Rana ta kusa tsaka suka isa Maƙogwaro. Samarin huɗu na zaune bisa ƙunshin kayansu. Ɗanladi ya miƙe yana murmushin da bai kai ido ba.

"Ga jakin Nasara ya iso. Yau ina kayanka, mijin yaya?"

"Na aje shi. Na zo ganin ƴan matan da anka ɓoye cikin daji."

Kullum haka suke yi, amma yau babu wanda ya yi dariya. Aka ɗage ƙwarya da ƙaya, Hamani ya tsuguna.

Kallo ɗaya ya ishe shi ga rabin zancen. Layin ɗaya ne. Ya bi shi a durƙushe har inda ya lanƙwasa ya kauce wa dutse, bai rabu biyu ba. Kuma ko rabin gaɓar yatsa bai nutse ba, alhali lakar nan ta fi ta Goruba taushi. Babu mutum a kan abin da ya yi wannan sawu. Akwai kuma wata ƴar tsaga da ke maimaituwa kowane taku uku, tsagar da ya sani, don kullum yana ganinta a turken bukkarsa.

Sauran rabin yana gefe. An share ƙasa da reshen sabara duk tsawon layin, sharar mai hankali, ba ta gaggawa ba. Amma an ja reshen daga dama zuwa hagu, yana ƙarewa da ɗan ƙarfi a hagu, yadda bahago ke shara. Kuma a gindin dutse, inda mai shara ya juya zai fita, akwai rabin sawu da reshe bai kai ba: gaban ƙafar hagu, yatsu huɗu sun fito, na biyar bai taɓa ƙasa ba. Taɓarya ce ta faɗa wa ƙaramin yatsan nan shekara goma sha biyu da suka wuce. Shi ya ɗaure wa Haske shi da tsumma.

Ya daɗe a tsugune fiye da yadda ya saba. Yana jin su a bayansa, yana jin numfashin Muna. Ya san abin da zai biyo baya in ya faɗi suna. Mace ta kusa tura ƴaƴan mutane uku bakin gardawa, ba za ta ƙara ɗiban ruwa a rijiyar Tungar Gawo ba, Ɗanladi kuma ba zai ƙara kallon fuskarta ba. Ya san kuma abin da zai biyo baya in bai faɗa ba. Ya gyara tsugunno, gwiwarsa ta sauka kan rabin sawun nan, ya murza kaɗan kamar mai neman daidaituwa, sannan ya miƙe.

Ya nuna musu layi ɗaya, ya sa suka ji zurfi, ya tuna musu na Goruba. Ya ce dokin ƙarfe bai zo nan ba, Nasara bai zo nan ba, taya ce guda aka gangaro da hannu don a gani. Ɗaya daga cikin dattawan ya tambaya don me wani zai yi haka. Tahiru ne ya amsa wa kansa a hankali: don su tashi. Wanda ya san inda suke kuma yana son kama su, da ya zo da gardawa. Wannan bai iya shigowa ba, so yake su fito fili. Hamani ya bar shi da wannan fassara.

"To ƙafar wa ke gefe?" in ji Tahiru.

"An share."

"Na ga an share. Ƙafar wa?"

"Ƙasa ba ta gaya mini ba, ranka shi daɗe."

Muna ta yi wata ƴar dariya ta hanci. Ta ce ɓarawon raƙumi ma ya share. Kowa abin da yake tunani ke nan. Tahiru ya tambaya taya nawa ce a ƙasar nan wadda ba ta jikin keke. Hamani ya ce ɗaya. Ya tambaya a gidan wa take. Hamani ya ce gidansa.

"Ka san doka. Ka hid da shi daga gidanka, ko shi mutu can."

"Shi mutu can."

Samarin suka kwance kayansu. Ba don sun yarda da Hamani ba, sai don sun yarda tarko ne, kuma wanda ya ga tarko ba ya taka shi ko wa ya nuna masa. A hanyar dawowa aka bar masa tazara. Kafin la'asar gari ya gama haɗa labarin yadda ya fi masa daɗi: Nasara ya ba shi taya don wannan aiki, ya yi, sannan zuciyarsa ta karye da ya ga ƙanin matarsa.

Ya tarar da tayar a turkenta. Ya sauke ta, ya zura hannu ciki, ya zaro busasshiyar ciyawa da aka cusa don ta tsaya da kyau, da ɗan ɓarɓashin baƙar laka. Haske na inuwar zana tana saƙa da hannun hagu. Ya aje ciyawar a gabanta.

"Kin bar wagga ciki."

Ba ta ɗaga kai ba. "Sun tahi?"

"Suna nan."

"Ka gaya musu?"

"Na ce an share."

Sai a nan hannunta ya tsaya. Ya tambaye ta ko ta san gardawa na kan rijiyoyi. Ta ce ta sani, amma rijiya ana iya zagaye ta, mutum huɗu ne, wataƙila su wuce. Ya ce wato ta ga gardawa sun fi mijinta aminci. Ya yi tsammanin za ta yi kuka ko ta rantse, sai ta yi magana a hankali kamar mai faɗin abin da ta daɗe da sani.

"Ban ce za ka sai da shi ba, maigida. Amma zai sake tambayarka inda tsuntsaye ke sauka. In ba wagga Lahadi ba, mai zuwa. Kai kuwa tun da nike da kai ban taɓa jin ka ce ba ka sani ba. Ba ka iyawa."

Hamani ya tuna ranar a Goruba, yatsan Zalɓe na nuna dutse, da yadda amsar ta zo masa har bakin harshe. Ba don tsoro ba, ba don goro ba. Don kawai ya ga mutum ya karanta alama daidai, ransa ya so ya ce masa haka ne, ka gane. Ya haɗiye ta ran nan. Ko zai haɗiye ta sau uku, sau huɗu, shi kansa bai sani ba, kuma ya ji haushin cewa ita ta riga shi yin tambayar.

Lahadi ta zo, Zalɓe ya fito da murna, ya nuna dutse tun daga ƙofar bariki. Hamani ya ce to. Ya bi da shi ta wata tsohuwar makiyaya da ke arewa da Goruba, fili mai tauri mai kyan gani, wanda kowane makiyayi ya san tsidau ya shimfiɗe shi kamar tabarma. Zalɓe ya hau yana fito da baki. Bai yi taku ɗari ba ƙafar gaba ta yi huci ta kwanta, ta baya ta bi ta. Ya sauka ya tsuguna yana zare ƙayoyi ɗaya ɗaya, sannan ya ɗago ya dubi ƙafar Hamani, ya ga yau takalmin fata mai kauri ya sa, shi da kullum ke tafiya ba takalmi. Suka kalli juna. Hamani ya saɓa keken har Filinge, a ƙofar bariki Yahaya ya gaya masa kada ya ƙara zuwa. Sabuwar taya sai daga bakin teku, ba ta iso ba har ruwan tabkuna ya ƙafe.

Ko don Ɗanladi ya yi wannan, ko don ya nuna wa Haske ta yi kuskure, bai taɓa rarrabewa ba. Ya dai tabbatar ta ji labarin, ta bakin wani.

A cikin satin aka kama samari shida na wani gari a rijiya ta biyu kan hanyar gabas. Na Maƙogwaro suka zauna har ɗiba ta wuce, suka dawo gida ɗaya bayan ɗaya kamar masu dawowa daga neman aiki. Ɗanladi ya yi aure, ya haifi ƴaƴa bakwai, yana gaida Hamani da ladabi irin na baƙo, wasan da ke tsakaninsu bai dawo ba. Shekara ta zagayo, aka zo ɗibar mutane aikin hanya, gardawa suka bi Gawo da Farin Ruwa da Goruba kai tsaye, babbansu riƙe da takarda mai zane. Maƙogwaro ba ya cikin takardar. Mutane suka ce to ga shi, dama mun faɗa Zalɓe ba yawo yake yi ba. Lokacin an riga an mai da Zalɓe wani bariki. Hamani kan ce a ransa mai yiwuwa mutumin yawonsa yake yi tsakani da Allah, wani ne ya tsinci takardar a teburinsa. Wata rana kuma ya tuna yadda ya kalli tsuntsayen nan, ya ce a'a.

Ba a ƙara kiransa sawu ba. In an yi sata, sai a aika har Damana a ɗauko wani, a biya shi tafiya, ya zo ya yi ta zagaye. Hamani ya yanka tayar siri siri, ya ɗinke ta a ƙasan takalminsa, ya riƙa yawo da ita, duk inda ya bi yana barin ƴar alamar nan a ƙasa, aka koma kiransa Mai Taya. Bai ce a daina ba. Ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka, yana noma, kai a sunkuye kamar da.

Sai dai in akuya ta ɓace a gari, ko an wayi gari rumbu a buɗe, yakan wuce ta wurin kamar mai zuwa gona, ya ɗan rage tafiya, ya koma gida. Bayan azahar sai a ga Haske ta ɗauki kabarta ta shiga gidan masu asara, ta zauna ta yi saƙa, ta yi zancen duniya, kafin ta tashi ta ce in ita ce, da ta duba bayan gonar wane, wajen tsohuwar rijiya. A je a duba a samu. A yi mata godiya, a ce Haske akwai sa'a. Har gidan Muna ta taɓa shiga da irin wannan saƙo, Muna ta saurara, ta aiki ɗanta, aka dawo da tunkiya kafin magariba. Ta cika ƙwarya da nono ta ba Haske, ba ta ce na wa ne ba, Haske ta kai gida ta aje a gabansa.